Inna da Allurar Zinariya

Ranar da Allah ya karɓi ran Inna, tsakar gidanmu bai ɗauki mata ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bayan rumbuna. Wasu na san su, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Sun tako daga rugage da ƙauyukan da ke tsakaninmu da Bakori, kowacce da goyo ko da yaro riƙe a hannu. Wata tsohuwar Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nono a ƙofar ɗakin Inna, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago sai ta ce, "'Ya'yana duka a hannunta suka faɗo, har da jikokina biyu. Yanzu wa za mu aika wa?"

A zaure maigidana ne ke karɓar gaisuwa, shi ne ɗanta na fari. Bai yi kuka ba, amma duk wanda ya ce masa "ya haƙuri" sai ya amsa sau biyu, kamar bai ji kansa ba a na farko. Kawu, ƙanen Inna, ya jingina da bango yana ta faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi, "Yaya ta tafi. Da wa zan riƙa musu yanzu?"

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami kuwa daga bakin wata amaryar maƙwabta ta fito. Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Ta ce, "Ai ta huta, baiwar Allah. Tun da na zo garin nan ban san ta ba sai da ciwo." Na ce mata amin, amma maganar ta kwana a raina. Na ga cewa nan da 'yan shekaru abin da za a tuna kenan, tsohuwa mai karkatattun yatsu. Ni kuwa na san ta kafin ciwon, na san ta cikinsa, kuma na ga abin da ta yi da hannuwan nan bayan an ce sun gama aiki.

Ni surukarta ce. Daga Musawa aka kawo ni, lokacin ana ta saba wa baki da kiran naira da kwabo. Tun daga ranar har ta koma ga Allah "'Yar Musawa" take ce mini. Ɗanta kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. In tana nemansa sai ta ce, "Ina mutumin nan?" Noman auduga da dawa da masara yake yi, kamar mahaifinsa da ya riga mu gidan gaskiya kafin zuwana.

Inna ungozoma ce. Tana da wata 'yar ƙwarya mai murfi da ke rataye a ragaya, ciki akwai reza da zare da man kaɗe da tsumma wankakke. Da an yi sallama an ce wance na kan gwiwa, za ta ajiye ko mene ne a hannunta, ta ɗauki ƙwaryar ta fita, ko da ana zabga ruwa. In aka zo yi mata godiya ranar suna, ba ta son a tsawaita. Cewa take, "Ni tara hannu kawai na yi, Mai bayarwa ne ya bayar." Tana da faɗa, musamman ga mazan da ke hana mai jego nama. Na taɓa jin ta tsaya a ƙofar zauren wani attajirin manomi tana ce masa, "Alhaji, bijimin nomanka ya fi matarka cin abinci. In shi ne zai shayar da yaron, to shi kenan." Kafin azahar aka yanka kaza a gidan.

Ciwon ya fara mata ina goyon yarona na biyu. Da farko da safe ne kawai. Sai ta tashi yatsunta sun sandare, ta zauna a rana tana murza su har hantsi kafin su saki. Muka ce sanyin ƙashi ne. Daga nan gaɓoɓin suka fara kumbura, dama da hagu lokaci ɗaya, ya hau wuyan hannu, ya sauka gwiwoyi. Cikin shekara biyu yatsunta suka kwanta gefe guda. Ludayi ya gagare ta, buta ta gagare ta, carbi ma sai dai ta riƙa tura shi da babban yatsa.

Wata rana da hantsi aka kira ta gidan maƙera, ta ce in raka ta in riƙe mata ƙwarya. Haihuwa ta zo lafiya. Da aka zo yanke cibiya ta ɗauki reza, rezar ta zame ta faɗi. Ta sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Sai ta miƙo mini, ta nuna wurin da haɓarta, ta ce, "Yanke nan." Da muka dawo gida ba ta ci abinci ba. Daga ranar duk wanda ya zo kiranta sai ta ce ya tafi ƙauyen gaba, akwai wata a can.

Tsakanin suruka da uwar miji akwai kunya mai yawa. Shekara biyar ina gidan ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ciwo ne ya rushe wannan. Ran da na fara shiga da ruwan wanka na tsaya ina ta kame-kame, ban san ta inda zan fara ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar Musawa, ki rufe idonki ki buɗe hannunki. Ni ma ba don ina so ba ne." Na yi mata wanka, na ɗaura mata zani, na ba ta kunu a baki. Haka muka yi ta yi kullum.

Kawu bai zauna ba, gaskiya. Ya kawo wanzami aka yi mata ƙaho a gwiwoyi. Aka yi sakiya. Ya kawo sassaƙe iri-iri daga kasuwar Bakori, mai ɗaci da mai bauri, ta sha duka. A asibitin Funtua aka ba ta ƙwayoyi, suna rage zafin na ɗan lokaci amma suna ƙona mata ciki. Likitan can ne ya rubuta takarda ya ce a kai ta babban asibiti a Zariya. Da aka cire auduga aka kai ma'auni, maigidana ya ce mu shirya. Ni aka ɗauka saboda na yi firamare, zan iya karanta kati.

Likitan Zariya ya daɗe yana juya hannuwanta, aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Da muka koma ya ce wannan amosanin gaɓɓai ne, amma ba irin na tsufa ba. Ya ce Allah ya sa wa jikin ɗan Adam garkuwa da ke yaƙar cuta, to nata garkuwar ce ta ruɗe, ta juyo tana yaƙar gaɓoɓinta.

Inna ta ce, "Ashe da ɗan gari ake cin garin."

Likitan ya yi dariya ya ce haka ne. Ya ce akwai wata allura da ake haɗawa da zinariya, wadda ke kwantar da wannan faɗan. Amma ya kafa sharuɗɗa. Duk mako za a yi ta, kuma kafin kowace allura sai an duba fitsari, lokaci-lokaci a duba jini, domin takan taɓa ƙoda, takan kuma raunana jini. Za a yi watanni kafin a ga amfaninta, in ma za a gani. Yatsun da suka karkace ba za su miƙe ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ke ce idona a gida. In kin ga ƙuraje a jikinta, ko miki a baki, ko zazzaɓi, ki faɗa kafin a sake yi mata. Kin ji?" Na ce na ji. Ya rubuta a riƙa yi mata a Funtua, tun da ta fi mana kusa.

Da Kawu ya ji labari ya ce, "Yaya, ƙarfe fa za su zuba miki a jini. Ina aka taɓa yi?" Ta ce, "Kai da ka sa aka tsaga ni da ƙarfe, naka ne mai albarka?" Bai haƙura ba, har wurin liman ya kai maganar. Liman ya ce magani ne, neman magani kuma umarni ne, balle ma zinariya ba ta haramta ga mace ba. Inna ta ce, "To kun ji. Matan birni a wuya suke sa tasu, ni tawa a ɗuwawu za a zuba." Wannan magana ta zagaye ƙauyen, har yau ana maimaita ta.

Kowace Laraba muke tafiya. Maigidana ya kai mu bakin titi, a cicciɓa ta a sa ta gaban a-kori-kura, ni in hau baya cikin buhunan masara. Abin da ya fi damun Inna ba allurar ba ce, kwalbar fitsarin ce. Sai ta sa na naɗe ta da tsumma uku, in cusa a ƙasan kwando, in ɗora kuɓewa ko yakuwa a kai. "Da girmana," in ji ta, "ina yawo da wannan abu a cikin mota."

Wadda ke yi mata allurar wata ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Sista. Bayarabiya ce Kirista, amma a Funtua aka haife ta, mahaifinta na sayar da atamfa a kasuwa, Hausa kuwa a bakinta kamar jakin Kano. "Mama" take ce wa Inna. Da ta ji sana'ar Inna sai hira ta ɓarke tsakaninsu, rabinta musu. Sista ta ce a daina barbaɗa toka a cibiya, a riƙa tafasa reza da zare. Inna ta ce shekara talatin tana yi ba a tafasa ba. Sista ta ce, "Mama, yara nawa ne suka sandare kafin suna, aka ce tsuntsu ne ya kama su?" Inna ta gyara mayafinta ta ce mu tafi. A mota ta ce mini, "Yarinyar nan ba ta da kunya, amma ba ta yi ƙarya ba." Ita kuma Inna ta koya mata yadda ake gane kwanciyar yaro da tafin hannu, har Sista kan kira ta ɗakin masu ciki ta ce, "Mama, zo ki faɗa mini inda kan wannan yake."

Wata huɗu ba mu ga komai ba. Kawu kan shigo ya ce, "Yaya, ya zinariya? Ta fara ƙyalli?" Ita kuma ta ce, "Ran da ka shuka dawa, ran nan kake girbi?" Ni kaina na fara karaya, ban dai faɗa ba.

Wata safiya cikin kaka na ɗauki ruwan ɗumi zan kai mata, sai na same ta a ƙofar ɗaki, zaninta ɗaure, tana ɓarar gyaɗa. A hankali take yi, tana matsa ɓawon tsakanin babban yatsa da gefen hannu, amma tana yi. Na tsaya da bokiti a hannu. Ta ce, "Me kike kallo? Ba ki taɓa ganin mai ɓarar gyaɗa ba?" Na koma madafi na zauna na yi kukana.

Kafin damina ta zo, Inna ta sauko da ƙwaryarta daga ragaya. Yanzu akwai ƙaramar tukunya a ciki, ta tafasa reza. Haihuwata ta huɗu a hannunta ta zo, ranar wata kasuwar Bakori, maza duk sun tafi. Yarinyar ta zo da cibiya naɗe a wuya. Ina jin Inna tana cewa, "Dakata, kada ki yi nishi, dakata." Da waɗannan karkatattun yatsun ta zare cibiyar ta kan yarinyar, ta juya ta, ta murza bayanta har ta tsala kuka. Yarinyar nan yanzu ita ke ɗebo mini ruwa daga rijiya.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da Inna, kuma a kan allurar ne. Cikin shekara ta biyu na lura ta daina cin goro, miya mai yaji ma sai ta ture. Ran nan ina taya ta tsifar kai na ga ƙuraje jajaye a bayan wuyanta. Na ce, "Inna, ku buɗe bakinku in gani." Ta ƙi. Na ce likita ya ce a faɗa. Ta kama hannuna ta ce, "In kika faɗa za su hana ni. Kin manta yadda nake? Kina so ki koma ba ni kunu a baki? Kada ki kuskura."

Ban yi barcin kirki ba har Laraba. Da muka shiga, Sista ta yi tambayar da ta saba, "Mama, babu ƙaiƙayi, babu ciwon baki?" Inna ta ce, "Lafiya lau." Sista ta fara fasa kwalbar magani. Sai na ji bakina ya ce, "Akwai." Aka duba, ga miki a cikin kumatu, aka kuma sake gwajin fitsari a tsanake, ya nuna ƙoda ta fara kokawa. Likita ya ce a tsayar da allura sai abin da hali ya yi.

Daga Funtua har gida Inna ba ta dube ni ba. Cikin 'yan makonni ciwon ya dawo. Ta aika aka kira ƙanwar maigidana daga gidan aurenta ta zo tana yi mata wanka, ni kuwa in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Maigidana ya ce mini a ɗaki, "Kin yi daidai," amma bai iya faɗa a gabanta ba, kuma ban ga laifinsa ba. A cikin wannan lokaci ne matar wani maƙwabcinmu ta yi doguwar naƙuda. Inna ba ta iya ko miƙewa ba. Kafin a samo wata daga ƙauyen gaba yaron ya zo babu rai. Da labari ya iso, Inna ta ɗaga murya yadda zan ji daga madafi ta ce, "Da hannuna na nan." Kalma huɗu ce, amma na daɗe ina ɗauke da ita. Na san rai na Allah ne. Duk da haka in na haɗu da matar nan a rijiya, sai in rasa inda zan sa idona.

Bayan wata uku fitsari ya washe, bakin ya warke, likita ya yarda a koma da ɗan kaɗan, daga baya aka mai da ita wata-wata. Ranar komawa ƙanwar maigidana ta shirya za ta raka ta. Inna ta fito ta tsaya a tsakar gida ta ce, "'Yar Musawa, ɗauko katin." Shi kenan sulhun. Ba ta ce ta yafe ba, ban ce a yafe mini ba, ba mu ƙara tayar da maganar ba. Ni dai a zuciyata na ɗauka har abada tana ganin na ci amanarta.

Ta ƙara shekaru tana aikinta. Daga baya aka mai da Sista Malumfashi, maganin kuma ya fara wuyar samu a shekarun da komai ya yi tsada, wani watan a samu, wani a dawo haka. Tsufa ma ya zo da nasa. A ƙarshe ta daina fita, sai dai mata su zo ta shafa cikinsu ta ce, "Wannan gida za ki haihu," ko "Ke ki ce wa mijinki ya kai ki asibiti tun da wuri."

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a ƙarshen daminar bana, kwana shida. Ana jibi za ta rasu ta kira ni ta ce, "Hannuwan nan aro aka ba ni karo na biyu, kuma na yi aiki da su. In kin sami hanya ki je wurin yarinyar nan ta Malumfashi ki ce na gode. Ki kai mata daddawa, tana so." Ta cika da kalmar shahada bayan la'asar, kanta a cinyar 'yarta, ƙafafunta a tawa.

Bayan sadakar arba'in maigidana ya kai ni Malumfashi. Muka yi tambaya har muka sami Sista, ta yi ƙiba, furfura ta fara fito mata. Tana ganina ta gane ni, ta leƙa bayana ta ce, "Ina Mama?" Na faɗa mata. Ta zauna a kan benci ta cire tabarau, ta daɗe tana goge ido. Na isar da saƙo, na ajiye ƙullin daddawar a gefenta.

Har mun miƙe za mu tafi ta ce, "Tsaya. Akwai abin da ta hana ni faɗa miki, amma yanzu ina ganin ya halatta. Ran da kuka dawo bayan an tsayar da allurar, na aike ki karɓo sakamakon jini, ko kin tuna? Kina fita ta ce mini, 'Na haifi 'ya'ya bakwai, babu wanda zai iya saɓa mini don ya cece ni sai wannan da ban haifa ba. In na mutu ita za ta wanke ni. Amma kada ki gaya mata, kanta zai yi girma.'"

Ni ce kuwa na wanke ta, ban san ita ta zaɓa ba, na ɗauka 'yarta ce ta ga dama ta kira ni. Maigidana ya juya baya yana gyara hularsa. Ni na koma kan bencin na zauna kusa da Sista, ta riƙe hannuna har aka kira ta ɗakin marasa lafiya.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata kurakuranta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Yadda ta tari bayinsa da hannu biyu ranar zuwansu duniya, Allah ya sa mala'ikun rahama su tare ta haka. Waɗanda suka yi mata magani, na Zariya da na Funtua, Allah ya saka musu da alheri. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.